Ƙullin Irin Tumatir: Amana Ce Ko Tarkace?



A hunturun da ya wuce an yi mana rasuwa a nan Hausari, wata dattijuwa ce da ta haura tamanin, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Bayan sadakar bakwai magada suka kira mu rabon gado, kamar yadda aka saba in babban liman ba ya kusa. Aka fito da kaya tsakar gida: kwalla, tasoshi, zannuwa, 'yan awaki biyu da ɗan abin da ba a rasa ba. Kowane abu muka yi masa kuɗi muka rubuta. Can ƙasan wata tsohuwar tukunya sai ga ƙullin tsumma guda huɗu, kowanne da zarensa daban. Da aka kwance sai toka, a cikin tokar kuma 'yan ƙwayoyi ƙanana masu gashi-gashi. Irin tumatir ne. Babban ɗanta ya yi dariya ya ce, “Malam, wannan ai tarkacen Inna ne, a zubar kawai.” Mu ma ba mu musa ba, don gaskiya ba mu san kuɗin da za mu rubuta masa ba.

Wani jikanta, yaro ɗan makarantar sakandare, shi ya tsayar da mu. Ya ce, “Baba Liman, in abu ba shi da kuɗi a kasuwa, shi ke nan ba gado ba ne? In mun zubar ba mu da laifi?” Muka ce masa, ɗana, bari sai mun yi tunani. Wannan rubutu shi ne tunanin, kuma mun kawo shi nan ne don tambayar ta shafe mu duka, musamman mu 'yan kasuwa.

Mu fara da gaskiyar da ba ta yi mana daɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an tambayi wanda ya kori tsohon tumatir daga lambunan bakin kogi, tun daga fadamun Nguru har Gashuwa, mu 'yan gwari ba za mu ce ba hannunmu ba. Manomi ba ya shuka abin da dillali zai yatsina wa fuska. Tsohon tumatir ɗin nan, mai saɓa-saɓa kamar gauta, ko ƙananan nan masu tsami da yawan ruwa, fatarsa ba ta da kauri. Ka zuba shi a kwando, ka ɗora kwando bisa kwando a mota, kafin a kai 'Yankaba a Kano ya fara tsiyaya, balle a yi maganar Legas. Shi kuwa dogon nan mai tauri da muke kira yutisi, da Roma, da haibirid da suka biyo baya, suna yin kwana da kwanaki a hanya su isa da kyansu. To mu da muke da uwar kuɗi a ciki, wanne za mu saya? Muka riƙa taya tsohon da wulaƙanci, shekara bayan shekara, har manomi ya gane karatun. Ba wanda ya kafa doka, ba wanda ya yi shela. Da “albarka” da “a rage” aka kashe shi.

Kuma kada wani ya ɗauka mun zo zagin sabon iri ne. Wallahi sabon iri ya rufa wa mutane asiri. Akwai gidaje a unguwar nan da aka yi wa rufin kwano da kuɗinsa, akwai 'yan matan da aka kai ɗaki, akwai waɗanda suka sauke farali. Addini ma bai ɗaure manomi a kan irin kakansa ba. Mun san abin da ya faru a Madina game da barbarar dabino, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar wa manoma sha'anin sana'arsu tunda su suka fi saninta. Saboda haka wanda ya ce shuka haibirid haramun ne ya yi wa shari'a ƙarya. Halal ne, cinikinsa halal, ribarsa halal.

Sai dai tambayar yaron nan ba a kan halal da haram ta tsaya ba. Akwai abin da in mutum ɗaya ya bari ba kome, in kowa ya bari an yi asara. Malamai sun koya mana wannan a babin farilla ta kifaya, kamar wankan gawa da sallarta: wasu su yi a ɗauke wa saura, kowa ya ƙi laifi ya hau kan gari. Ba fatawa muke bayarwa ba cewa adana iri farilla ne, mu ba mu kai nan ba. Misali muke bugawa don a ga siffar matsalar. Kowane manomi yana da hujjarsa ta barin tsohon iri, kuma hujja ce mai kyau. Amma in aka tara hujjojin nan masu kyau wuri ɗaya, sai a wayi gari iri ya ƙare a duniya, kuma ba wanda za a nuna a ce shi ne.

Wani zai ce, to in ya ƙare sai me? Tumatir ai tumatir ne.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu dubi mene ne iri. Shi tumatir asalinsa baƙo ne a ƙasar nan. Daga nahiyar Amurka ya fito, dajinsa yana wajen duwatsun Andis, mutanen Meziko suka mai da shi abin nomawa, Sifaniyawa suka kai shi Turai bayan shekara ta 1500, daga baya ya iso mana. Kakannin kakanninmu da kuka da kuɓewa da gauta da daddawa suke miya. To yaya aka yi baƙo ya zama ɗan gida har muke cewa “namu na gargajiya”? Zama ne ya mai da shi. Kowace shekara manomi ko matarsa su duba lambu, su ga gindin da ya jure zafin bazara bai zubar da fure ba, wanda ya yi haƙuri ranar da jigo ya karye ba a yi ban-ruwa ba, wanda ya yi daɗi a tukunya, su ware 'ya'yansa su ce wannan na iri ne. Shekara hamsin, shekara sittin ana wannan zaɓe. Abin da ke cikin ƙullin tsumman nan ke nan: zaɓen mutane da yawa da suka riga mu, waɗanda ba su iya rubutu ba, suka rubuta abin da suka sani game da ƙasar nan a jikin ƙwaya. Sunayen ma da ake kiran irin tumatir da su a wannan yanki, kamar Ɗan Baga da Tandino da Ɗan Siriya, kowanne yana ɗauke da labarin hanyar da ya biyo.

Mu mazauna wannan unguwa ya kamata mu fi kowa gane wannan magana, don labarinmu ne. Ƙasar nan ta Mangawa ce da Badawa. Iyayenmu da yawa jirgin ƙasa ne ya kawo su bayan da layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, wasu fatauci, wasu cin rani, wasu almajiranci. Suka zo da harkar gyaɗa da fata da ƙaro da kifi, aka ba su masauki, aka ba su aron gona a bakin ruwa, aka yi auratayya. Yau ga Hausari a Nguru, ga unguwar Sarkin Hausawa da Zango a Gashuwa. An ce baƙo raɓa ne, amma mu raɓar ta zauna har ta zama rijiya. To baƙon da ya zauna, da me zai saka wa ƙasar da ta karɓe shi? Ko dai ya zama mai kwasa kawai, ya ɗebi abin da ke da kuɗi ya loda a mota, ko ya zama mai riƙo, wanda in an ƙirga abin da garin ya mallaka bayan shekara ɗari za a tarar bai rage ba a hannunsa. Wasu irin nan a hannun Badawa da Mangawa iyayenmu suka karɓe su kyauta. Abin da aka ba ka kyauta ka ci moriyarsa, in ka bar shi ya mutu a hannunka, ko shari'a ba ta kama ka ba kunya ta kama ka.

Bayan kunya kuma akwai lissafi, mu kuwa mutanen lissafi ne. Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi ba ya zuba jarinsa duka a haja ɗaya. Mun ga abin da ya faru a 2016, lokacin da tsutsar nan da manoman Kano suka sa wa suna Sharon ta afka wa tumatir a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin Ɗangote da ke Kadawa ya tsaya don rashin abin niƙawa, kuɗin kwando ya ninka ya sake ninkawa. Ba mu ce tsohon iri ya gagari Sharon ba, ita ba ta zaɓe. Darasin shi ne bala'i ba ya sallama, kuma ba mu san wanda zai zo gobe ba. Wata cutar za ta kwantar da wannan iri ta tsallake wancan. In duk lambunan kogi iri ɗaya ne, rana ɗaya za su kwanta. Mutanen Ayalan sun ɗanɗana wannan daga 1845, lokacin da talakawansu suka dogara kusan kacokan a kan dankali iri guda, cuta ta shige shi, wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu da yawa suka yi hijira. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙasarmu ma ba ta zauna yadda take ba. Dattawa sun ga farin 1973 da na 1984. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan da ke gangaro mana ta Haɗeja ya sauya hali. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wurin da ake noma ya zama tafki, wani wurin da ke samun ambaliya mai albarka ya bushe. A 2022 kuma ruwa ya ci gonaki da gidaje a Gashuwa da kewaye, kowa shaida ne. Wurin da yau fari gobe ambaliya, wa ya isa ya ce ga irin da zai dace da shi nan da shekara ashirin? Su kansu masanan da ke ƙirƙiro sabon iri a Samaru ta Zariya ko a Ibadan ba daga iska suke ƙago shi ba. Tsofaffin iri suke komawa su nemo juriyar zafi a wannan, juriyar cuta a wancan, su haɗa. Ashe tsohon iri shi ne uwar sabo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma maganar 'yanci. Haibirid aure ne aka ɗaura tsakanin iri biyu da kamfani ya ɓoye. 'Ya'yan fari suna fitowa kai ɗaya, masu kyau, masu yawa. Amma in ka cire iri daga cikinsu ka shuka baɗi, jikoki sai su watse, wannan ya ɗauko kakan nan, wancan ya ɗauko waccan, ba za ka sami abin da ka gani bara ba. Dole kowace shekara ka koma kanti. In Naira ta faɗi, kuɗin gwangwanin iri ya tashi, ka ci bashi tun kafin ka yi dashe. Tsohon iri kuwa, da ma wasu na zamani da ba haibirid ba kamar Roma, abin da ka shuka shi za ka gani, don furen tumatir galibi kansa yake yi wa barbara. Manomin da ke da ƙullinsa a ɗaka, ko ba ko sisi a aljihunsa, zai iya fara noman rani. Wanda ba shi da shi sai ya jira mai ba da bashi. Ba laifi ba ne mutum ya sayi iri. Abin tsoro shi ne ranar da zai so komawa ya tarar ba wurin komawa.

Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda ya tsara wa Masar shekarun wadata da na fari, ya ce a bar hatsi a zangarniyarsa, kuma ko a tsananin yunwa akwai ɗan abin da ba za a taɓa ba. Wasu malaman tafsiri sun ce wannan ɗan abin shi ne iri. Mu duba fa: annabi ne, ya fi kowa tawakkali, amma bai ce a cinye Allah Zai kawo wani ba. A zamanin nan ma an yi mutanen da suka riƙe wannan amana har ta ci ransu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningirad na Rasha ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, akwai ma'aikatan wata cibiyar adana iri da suka mutu da yunwa alhali suna gadin shinkafa da sauran ƙwayoyi, suka ƙi ci don na mutanen gobe ne. A ƙasar Norwe an buɗe rumbu a cikin dutsen ƙanƙara a 2008 ana ajiye irin duniya, kuma a 2015 masu cibiyar iri ta Halab a Siriya, da yaƙi ya raba su da rumbunsu, can suka je suka karɓo ajiyarsu. Mu ma a Najeriya akwai rumbun iri na gwamnati a Ibadan. Amma tsakaninmu da Allah, wa zai taso daga Ibadan ya leƙa ƙasan tukunyar Inna? In ba mu riƙe ba, ba mai riƙewa.

Yanzu sai tambaya mafi nauyi: wa zai ɗauki kuɗin wannan riƙo? A nan ne masu wa'azi irinmu kan yi zalunci ba mu sani ba. Abu ne mai sauƙi mai shago ya hau mumbari ya ce wa talakan manomi ya riƙe gadon kakanni, alhali gobe in ya kawo kwandon gadon nan shi ne zai fara taya shi rabin kuɗi. In amfanin na kowa ne, bai kamata asarar ta zama ta mutum ɗaya ba, mutumin ma wanda ya fi kowa rauni. Wanda ya ci ribar korar tsohon iri shi ya fi cancanta ya biya kuɗin dawo da shi. Wato mu.

Kuma abin bai kai yadda ake tsoro ba. Ba a ce kowa ya mai da lambunsa na da ba. Komi ɗaya ko biyu a gefe ya isa, nesa kaɗan da sauran. Mu 'yan kasuwa mu yi alkawari tun kafin dashe cewa abin da ya fito za mu saya da daraja. Kasuwarsa tana nan cikin gari, inda ba ya buƙatar doguwar tafiya: matan da suka san ɗanɗanon miyar da, masu tuwo-tuwo, masu dafa abincin biki. Wanda ya ragu a yanka a shanya a yi kauɗa, ita kuwa kauɗa ba ta tsoron hanya. Iyayenmu mata, ku ne ma'aji tun asali, kada ku bari sanin ya tafi da ku. Ku nuna wa 'yan baya yadda ake yi: a zaɓi nunanne daga gindi mai lafiya, a matse shi a ƙwarya, a bar shi kwana biyu ko uku ya yi tsami har yauƙin ya saki ƙwayar, a wanke, a shanya a inuwa, a gauraya da toka, a ƙulle a ajiye inda ba zafi ba laima. Kuma kada a bar shi ya daɗe, iri rai gare shi, zafin ƙasarmu yana cinye shi. Duk shekara biyu ko uku a shuka a sabunta. A riƙa rabawa gida uku ko huɗu, har da maƙwabtanmu Badawa da Mangawa, don in gobara ko ruwa ya ci na wani, na wani yana nan. 'Ya'yanmu da ke karatun noma a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa kuma su zo da littafi da biro su zauna gaban tsofaffi, su rubuta sunan kowane iri da halinsa tun masu sanin suna da rai.

Ya tabbata a hadisi cewa abin da Musulmi ya shuka, duk mutum ko tsuntsu ko dabbar da ta ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. To ina ga wanda ya tsare irin da za a yi ta shukawa bayan ƙasa ta rufe idonsa? Muna kyautata zaton Inna tana da rabo a duk tukunyar da za a dafa da shi.

Ga amsar da muka ba yaron nan daga baya. Muka ce, ɗana, a lissafin gado kakarka ba ta bar wannan ga magada kaɗai ba, shi ya sa muka rasa kuɗin da za mu yi masa. Ita ma ajiya aka ba ta. Zubar da shi ba zai kai ka gaban alƙali ba, amma ajiya in ta zo hannunka ka san ta zo.

Magada suka yafe masa ƙullin huɗun. Da yake Inna ta yi shekaru tana jinya ba ta sabunta ba, biyu ko tsiro ba su yi ba, sun tafi ke nan, kuma har yau ba mu sami wanda ya san sunansu ba. Biyu sun fito, 'yan gindi kaɗan, suna nan a komi bayan masallaci, yaron yana ba su ruwan alwala da ya taru. Duk mai son gani ya zo bayan la'asar. Wanda kuma ya san akwai irin wannan ƙulli a ɗakin tsohuwarsa, ya tambaye ta yau, kada ya jira ranar rabon gado.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a nomanmu da kasuwancinmu, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya.